Ilimi Da Bashi: Nasiha Ga Mai Son Karanta Tarihi, Adabi Ko Falsafa

Ƙannena maza da mata, duk wanda ya cike fom ɗin JAMB a cikinku ya zaɓi tarihi, ko Hausa, ko Larabci, ko Turanci, ko nazarin zamantakewa, ya san tambayar da ke jiransa a gida: in ka gama, me za ka ci da shi? A da tambayar ba ta da kaifi sosai, domin karatu a jami'ar gwamnati kusan kyauta ne, wanda ya yi zaɓen tumun dare shekarunsa kawai zai yi asara. Yau ba haka abin yake ba. Tun 2023 jami'o'in tarayya suka ninninka kuɗin rajista, a 2024 kuma gwamnati ta buɗe asusun ba ɗalibai rance. Ke nan tambayar da ta daɗe tana hana iyaye barci a Amurka ta iso ƙofar gidanmu: shin ya dace mutum ya ci bashi domin karatun da ba ya kai shi kai tsaye ga wata sana'a guda? Amsar da zan kare a nan ita ce, wannan karatu yana da daraja, kuma yana biyan mai shi, amma a hankali yake biya. Saboda haka ya cancanci shekarunku da guminku, ya cancanci ɗan bashi mara kuɗin ruwa wanda aka auna, amma bai cancanci bashin da ya fi ƙarfin albashin farko ba. Abin da ke kassara matashi ba sunan kwas ɗin ba ne. Tsadar da ya saye shi ce, da barinsa a rabin hanya, da fita daga jami'a riƙe da takarda alhali kai fanko.

Ya kamata mu fara sanin abin da ake gardama a kansa. A Amurka akwai tsohuwar al'ada ta ba ɗalibi ilimi mai faɗi kafin ya ƙware a fanni guda: ya ɗanɗana tarihi da adabi da falsafa da harsuna, haɗe da lissafi da kimiyya, a koya masa karatu mai zurfi da rubutu da kafa hujja. Akwai ƙananan kwalejoji irin su Williams da Amherst da aka gina su kacokan a kan wannan. Tushen al'adar yana komawa ga makarantun Turai na tsakiyar zamani, inda ake fara wa ɗalibi da nahawu da mandiƙi da balaga, sannan lissafi da handasa da kiɗa da ilimin taurari. Duk wanda ya san karatun zaure zai ga ba baƙon abu ba ne a gare mu. Almajirin ilimi a Kano ko Katsina ko Sakkwato ba ya zama alƙali ko mufti sai ya bi ta nahawu da sarfu da lugga da balaga. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a nahawu da sarfu da tafsiri, kuma shi ne ya rubuta wa Kanawa littafi kan yadda ake tafiyar da mulki. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta ilimantar da mata da su ta hanyar 'Yan Taru. Magabatanmu sun fahimci cewa wanda bai mallaki harshe da hujja ba, ba a danƙa masa al'amarin jama'a. Don haka ba darajar ilimin ce sabuwa ba. Sabon abu shi ne farashin da aka maƙala masa.

A Amurka farashin ya kai inda hankali ke tashi. Bashin karatu da ke wuyan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.7, kuma mutum kusan miliyan 43 ne gwamnatin tarayya ke bi. Kuɗin makaranta da jami'o'i masu zaman kansu ke sanarwa ya wuce dala 40,000 a shekara in aka ɗauki matsakaici, ban da ɗaki da abinci, na jami'ar jiha ga ɗan jihar kuwa ya haura dala 11,000. Bashin yana ɗauke da kuɗin ruwa: wanda ya karɓi rancen gwamnati na digirin farko a zangon 2024 zuwa 2025 an ɗora masa kashi 6.53 cikin ɗari a shekara. Dokokin ƙasar kuma sun tsananta, ta yadda ko kotu ta tabbatar mutum ya karye, da wuya ta sauke masa bashin karatu kamar yadda take sauke sauran basussuka. Shugaba Joe Biden ya yi yunƙurin yafe wa miliyoyin mutane dala 10,000 zuwa 20,000 kowanne, Kotun Ƙoli ta rushe shirin a watan Yunin 2023. A irin wannan yanayi ba abin mamaki ba ne matasa su guji duk karatun da ba su hango albashinsa ba. Cikin shekara goma bayan 2012, yawan masu karanta tarihi da adabin Turanci ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2023 Jami'ar West Virginia, da giɓin dala miliyan 45 ya taso mata, ta soke kwasa-kwasai 28, ciki har da digirorin harsunan waje, ta rage guraben malamai 143.

Masu cewa ku guji waɗannan fannoni ba surutu suke yi ba, suna da hujjoji, kuma rashin adalci ne a ɓoye muku su. A 2015 cibiyar nazarin ilimi da ƙwadago ta Jami'ar Georgetown ta kwatanta abin da masu digiri ke samu fanni-fanni. Ta gano injiniyan man fetur yana samun matsakaicin dala 136,000 a shekara, mai digirin koyar da ƙananan yara kuwa dala 39,000, kuma tazarar da ke tsakanin fannonin da suka fi biya da waɗanda suka fi ƙaranci ta kai dala miliyan 3.4 a tsawon rayuwar aiki. A Ingila, wani bincike da cibiyar nazari ta IFS ta fitar a 2020 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar da ya fi samun kuɗi in da bai shiga jami'a ba, kuma fannonin zane da kiɗa da wasan kwaikwayo suna can ƙasan jeri, likitanci da tattalin arziki suna sama. Binciken da Babban Bankin Amurka ya yi a 2021 ya nuna kusan rabin waɗanda suka karanta adabi da makamantansa sun ce da za a sake da wani fanni za su zaɓa, alhali a injiniyoyi kusan ɗaya cikin huɗu ne ya faɗi haka. A shekarar dai, jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo cewa waɗanda suka ci bashi suka yi digiri na biyu a shirya fim a Jami'ar Columbia sun fita da matsakaicin bashin dala 181,000, kuma shekara 2 bayan gamawa rabinsu ba sa samun dala 30,000 a shekara. Wanda ya ce muku ku bi abin da zuciyarku ke so kawai, kuɗi zai biyo baya, bai ƙaunace ku ba.

Sai dai mafi yawan waɗannan alƙaluma hoton farkon tafiya ne, ko kuma hoton mafi munin ciniki. Idan aka bi mutane har tsakiyar rayuwarsu, labarin yana sauyawa. Masanin tattalin arziki David Deming na Jami'ar Harvard, tare da Kadeem Noray, sun wallafa bincike da ya nuna fifikon albashin da masu digirin kwamfuta da injiniyanci ke da shi ya fi girma a ranar da suka fara aiki, kuma yana raguwa da fiye da rabi cikin shekara goma na farko. Deming ya nuna cewa a tsakanin 'yan shekara 23 zuwa 25, masu digirin kwamfuta da injiniyanci sun zarce masu tarihi da nazarin zamantakewa da kusan kashi 37 cikin ɗari, amma zuwa shekara 40 da haihuwa, a cikin maza, na bayan sun kamo na gaban. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwarewar na'ura tana tsufa da wuri. Manhajar da aka koya wa ɗalibi a aji ɗaya tana iya zama tsohon yayi kafin ya yi shekara biyar a wurin aiki, sai sabon yaro mai ƙaramin albashi ya zo da sabuwa. Iya karanta doguwar takarda a fitar da ƙashin bayanta, iya rubuta rahoton da shugaba zai yanke hukunci a kansa, iya sasanta mutanen da ba sa ga maciji, waɗannan ƙaruwa suke yi da shekaru, kuma su ake nema idan an zo naɗa shugaban sashe. Georgetown ma a 2020 ta auna ribar kwalejojin nan masu ilimi mai faɗi: a shekara 10 na farko ribarsu dala 62,000 ce, ƙasa da matsakaicin dukkan kwalejoji na dala 107,000, amma a tsawon shekara 40 ta kai dala 918,000, sama da matsakaicin dala 723,000.

Kada ku ɗauki wannan a matsayin albishir mara sharaɗi. Da yawa daga masu tarihin da suka kamo injiniyoyi sun ƙara karatu ne, sun zama lauyoyi ko manajoji, ba digirin farko kaɗai ya kai su can ba. Kwalejojin da Georgetown ta auna kuma da yawansu na 'ya'yan masu hali ne, waɗanda ko me suka karanta akwai wanda zai buɗe musu ƙofa. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne, wannan ilimi kamar dashen dabino yake, ba ya ba da 'ya'ya a damina guda, amma in ya fara sai ya daɗe yana yi. Matsalar ita ce bashi ba ya jiran nunar dabino. Mai bin bashi yana ƙwanƙwasa ƙofa ne a shekarun farko, daidai lokacin da aljihun mai wannan digiri ya fi kowane lokaci rauni, kuma idan da kuɗin ruwa, kowane watan da aka kasa biya uwar kuɗin ƙara kumbura take yi. A nan ne ilimi mai kyau yake zama mummunan ciniki. Shi ya sa masu ba ɗalibai shawara a Amurka suke da wani ma'auni mai sauƙi: kada jimillar bashin da za ka ci a duk karatunka ta wuce abin da kake sa ran samu a shekararka ta farko ta aiki. Wanda ya karanta falsafa a jami'ar jiha ya fita da bashin dala 20,000 yana cikin ma'aunin. Wanda ya karanta fim da bashin dala 181,000 ya fita daga ma'aunin tun kafin ya shiga aji.

Akwai kuma wani abu da masu zagin adabi ba sa son faɗa. Waɗanda bashin karatu ya fi durƙusar da su a Amurka ba masu digirin falsafa ba ne, waɗanda ba su gama ba ne. Bincike ya sha nuna cewa masu ƙaramin bashi sun fi masu babban bashi kasa biya, domin akasarinsu sun shiga ne suka yi shekara ɗaya ko biyu suka fice, ga bashi ga rashin takarda. Sama da kashi ɗaya cikin uku na masu fara digiri ba sa kammalawa cikin shekara 6 a makarantar da suka fara, kuma Amurkawa sama da miliyan 36 da ke cikin shekarun aiki sun taɓa shiga kwaleji sun fita ba shaida. Haka nan manyan badaƙalolin bashin karatu sun fito ne daga makarantun kasuwa masu alƙawarin koyar da sana'a nan take. Kamfanin Corinthian ya rushe a 2015, ITT Tech ya bi shi a 2016, kuma a 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 ga tsofaffin ɗaliban Corinthian su 560,000. Ba adabi ake koyarwa a can ba. Darasin yana da nauyi a gare ku: yaron da aka tilasta wa kimiyyar da ba ya iyawa, ya yi ta faɗuwa har aka sallame shi a aji biyu, ya fi wanda ya karanta Hausa ya fita da sakamako mai kyau shiga haɗari. Fannin da za ka iya gamawa da ƙwazo ya fi fannin da sunansa kawai ke burge maƙwabta.

Mu dawo gida, domin bashinmu ba irin nasu ba ne, kasuwar aikinmu ma ba irin tasu ba ce. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ke biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, ya kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata ta kashewa. Ba kuɗin ruwa, biya yana farawa ne shekara 2 bayan bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin ɗari ake cira daga albashi. Wannan ya fi na Amurka sauƙi nesa ba kusa ba, ya kuma kawar da damuwar Musulmin da ke gudun kuɗin ruwa. Hauhawar farashi ma, wadda ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, tana rage nauyin bashin da ba ya haihuwa. Amma ku ɗauki biro ku yi lissafi. Wanda ya karɓi 20,000 kowane wata har shekara 4 ya ci naira 960,000, ban da kuɗin rajista. Idan ya samu aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ana cire masa 7,000 a wata, zai yi sama da shekara 11 yana biyan kuɗin kashewar kaɗai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma addininmu bai ɗauke shi da wasa ba: aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga nauyinsa. Wanda ya karɓa da niyyar cewa kuɗin gwamnati ne ba mai tambaya, ya fara karatunsa da cin amana, ya kuma toshe hanyar ƙannensa da za su nema a bayansa. Ga wanda kuwa iyayensa ke shirin sayar da gona ko karɓar rancen banki don jami'a mai zaman kanta da ke cin miliyoyi a shekara, domin kwas ɗin da Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo ke koyarwa da ɗan kaɗan daga wannan kuɗi, shawarata ita ce kada a yi.

Alƙaluman Amurka kuma suna ɗauke da wani zato da bai kamata mu haɗiye shi ba tare da taunawa ba, wato cewa ɗalibin ya koyi abin da aka ce ya koya. Ribar karatun tarihi ko adabi ba a takardar take ba, a abin da karatun ya yi wa kan mutum take. Wanda ya shekara 4 yana haddace handawut daren jarrabawa, bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba, ya biya wani ya rubuta masa kundin kammalawa, wannan bai yi karatun da muke magana a kai ba, kuma babu wani bincike da ya yi masa alƙawarin komai. Injiniyan da bai ƙware ba yana iya fakewa da sunan digirinsa na ɗan lokaci, amma mai digirin Turanci da ba ya iya rubuta wasiƙar neman aiki ba shi da mafaka. Saboda haka ku riƙa gwada kanku a ƙarshen kowane zango. Za ku iya karanta shafi hamsin ku taƙaita su a shafi ɗaya ba tare da kun zubar da ma'ana ba? Za ku iya kawo hujjar wanda kuke saɓani da shi yadda shi kansa zai yarda kun yi masa adalci? Za ku iya bambance jita-jita da labarin da ke da madogara? Za ku iya tsayawa gaban mutane ku yi bayani da Hausa tsantsa, ku juya ku yi shi da Turanci mai tsabta? Idan amsar tana ƙara zama e daga shekara zuwa shekara, kuɗinku bai faɗi ba. Idan ba ta sauyawa, ku binciki kanku tun da sauran lokaci, ku nemi malamin da zai jan layi a rubutunku, ku san hanyar ɗakin karatu.

Sannan ku ɗauki wata hikima daga magabata wadda ta fi duk wani lissafin Georgetown dacewa da halinmu. Almajirin ilimi na zaure bai taɓa jingina cikinsa ga nahawu ba. Yana ɗinkin hula, ko rini, ko fatauci, ko noma, yana zuwa ɗaukar karatu da asuba ko bayan la'asar, kuma malamai da yawa a Kano sun rayu a haka, ga ilimi ga sana'a. Ku ma kada ku fita daga jami'a da hannu guda. Mai karanta Hausa ko Larabci ko Faransanci ya koyi fassara a aikace, da gyaran rubutu, da haɗa sauti da bidiyo, domin gidajen rediyo da jaridun intanet da masana'antar fim da ƙungiyoyin lafiya duk suna neman wanda zai isar da saƙo ga miliyoyin masu jin Hausa daga Najeriya zuwa Nijar da Gana da Sudan. Mai karanta nazarin zamantakewa ko kimiyyar siyasa ya koyi ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta, domin da su ake aikin bincike a yau. Mai tarihi ya koyi karanta Ajami da adana tsofaffin takardu. Wanda kuwa yake da sana'ar gado, ɗinki ce ko kasuwa, kada digiri ya sa ya raina ta. Ita ce za ta riƙe shi a shekarun farko masu wuya, ita ce kuma za ta biya bashin kafin ilimin ya fara biyan kansa.

Wani zai ce, ai yanzu ƙirƙirarriyar basira tana rubutu tana fassara, me ya rage wa mai adabi? Tambaya ce mai kyau, amma guguwar ba gida ɗaya ta nufa ba. Na'urar da ke rubuta wasiƙa ita ce ke rubuta manhaja, kuma alƙaluman da reshen Babban Bankin Amurka na New York ya fitar a 2025 sun nuna rashin aiki a tsakanin sababbin masu digirin kwamfuta ya kai kashi 6.1 cikin ɗari, sama da na masu falsafa, ko da yake masu falsafar sun fi yawan kama aikin da bai buƙatar digiri. Ba fannin da ke da tabbas na har abada. Abin da na'ura ta rage wa daraja shi ne rubutun cika shafi. Abin da ta ƙara wa daraja shi ne mutumin da zai duba abin da ta fitar ya gane inda ta yi ƙarya, inda ta kawo maganar da ba haka Bahaushe ke faɗinta ba, inda ta taɓa abin da zai tada husuma. Wani kuma zai ce, tarihi da falsafa ai kana iya karanta su a waya kyauta. Gaskiya ne littattafai sun yi araha, kuma wanda ba shi da halin jami'a kada ya ɗauka an rufe masa ƙofar ilimi. Amma littafi ba ya gaya maka inda ka yi kuskuren fahimta. Abin da kake biya a jami'a shi ne malamin da zai ƙalubalance ka, da abokan da za su yi gardama da kai, da tsarin da zai tilasta ka karanta abin da ba ka so.

Hujja mafi zafi ita ce ta masu cewa wannan karatun 'ya'yan masu kuɗi ne, ɗan talaka ya nemi abin da zai ci. Akwai gaskiya a ciki, domin ɗan talaka ba shi da inda zai faɗa in ya zame, kuma shi ya fi kowa buƙatar yin lissafin da na zayyana. Amma ku dubi inda maganar za ta kai mu idan aka bi ta har ƙarshe. Masu rubuta dokoki, da masu tsara manhajar makarantu, da editocin jaridu, da alƙalai, da masu rubuta tarihin al'umma, duk za su fito daga gidajen da ba su taɓa sanin kwana da yunwa ba. Mun riga mun ɗanɗana sakamakon raina waɗannan fannoni. An cire tarihi daga darussan makarantun firamare da ƙananan sakandare wajen 2009, sai bayan sama da shekara goma aka dawo da shi, bayan an yaye yara masu yawa da ba su san yadda ƙasarsu ta haɗu ba. Matsalolin da ke cin Arewa a yau, rikicin manoma da makiyaya, da 'yan bindiga, da tsattsauran ra'ayi, da miliyoyin yaran da ba sa makaranta, ba injiniya kaɗai zai warware su ba. Suna buƙatar wanda ya san tarihin burtali da mallakar ƙasa, wanda ya san harsunan mutanen da al'adunsu, da malamin aji da ya ƙware ya kuma ɗauki alli da mutunci. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman masanin tarihi ne, kuma tun a littafinsa na 1987 ya yi gargaɗi kan yadda masu neman mulki da dukiya ke amfani da addini wajen raba kan talakawa. Al'ummar da ta daina haifar irinsa za ta riƙa gane cutarta ne bayan ta kwantar da ita.

Don haka, ƙannena, idan Allah ya sa muku son tarihi ko harshe ko adabi, kuma kun ga a nan basirarku take, ku shiga ba tare da jin kunya ba, amma ku shiga da ido biyu. Ku zaɓi hanya mafi araha da za ta kai ku ga malamai nagari, ku fara neman tallafin karatu na jiha da na tarayya kafin ku nemi rance. In rancen ya zama dole, ku karanta sharuɗɗansa da kanku, ku karɓi abin da buƙata ta tilasta kawai, ku rubuta adadinsa, ku ƙulla niyyar biya. Ku guji duk bashin da ke ɗauke da kuɗin ruwa, da duk wanda zai ci gonar gida. Ku zauna da iyayenku ku nuna musu lissafin da sana'ar da za ku haɗa da karatun, domin tsoronsu na ƙauna ne, kuma hujja ce ke kwantar da shi, ba gardama ba. In kun fara, ku gama, ko da yajin aiki ya ja muku lokaci kamar na wata 8 da aka yi a 2022. In kuma bayan kun auna kun ga nauyin ya fi ƙarfin gidanku a bana, jinkirta shekara guda a yi sana'a a tara kuɗi ba faɗuwa ba ce. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya raba ku da bashin da zai hana ku cin moriyarsa.